Tur'ar Jazira: daga Hajj Abdalla zuwa masaƙun Lankasha

   

Hirarmu ta yau a kan tur'a ce. Ku da ke jin mu daga Kano ko Zamfara, tur'a ita ce abin da kuke cewa kanal a Kadawa da Bakolori, wato hanyar ruwa da aka haƙa don ban ruwan gona.

Ga abin da ya sa na ɗauko maganar. Kwanakin baya ina wata kasuwa, na tsaya kusa da mai sikelin tsohon ƙarfe, wanda mu nan muke cewa hurda. Sai ga wani yaro da amalanken jaki, ya sauke kaya. A cikin tarkacen na hango wani dogon ƙarfe mai murɗi, haɗe da faifan ƙarfe mai kauri. Duk wanda ya tashi a Jazira ya san wannan abu. Ƙofar ruwa ce, irin wadda gafir, mai tsaron ruwa, ke murɗawa ya buɗe ko ya rufe. Aka ɗora a sikeli, aka ba yaro kuɗin da ba zai yi musu cefanen mako ba, ya kaɗa jakinsa ya tafi. Na ce wa mai sikeli, Alhaji, ka san ko mene ne ka saya? Ya ce, Malam, ni ƙarfe na sani, kilo nake aunawa. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Babu wanda ya taɓa zama ya gaya masa inda wannan ƙarfe ya fito, da yawan bakunan da ke ci ta dalilinsa. To, yau shi za mu yi.

Labarin bai fara a nan ba. Ya fara ne a arewacin Ingila, a wani lardi da ake kira Lankasha. Masu jin ƙwallo a rediyo sun san sunayen garuruwansa: Manchesta, Libaful, Bolton, Banli. Kafin a san su da ƙwallo, da zare da saƙa aka san su. Ƙasa ce ta sanyi da yayyafi, ko tushe ɗaya na auduga ba ya yi a cikinta. Amma suna da kwal a ƙarƙashin ƙasa, suna da injin tururi, kuma damshin iskar wurin yana rage tsinkewar zare lokacin kaɗi. Sai suka riƙa sayen auduga daga ƙasashen zafi, su kaɗa, su saƙa, su mayar wa duniya a matsayin yadi. Akoko da alawayyo da yawa da kakanninmu suka saya a kantin Turawa daga can suka fito.

Su ma da tur'a suka tashi, sai dai tasu hanya ce ta dakon kaya. Kafin zuwan jirgin ƙasa, doki ɗaya ne ke tafiya a gaɓa yana jan jirgin ruwa da igiya, jirgin kuwa ɗauke da kayan da ayarin jakuna guda ba zai iya ba. A 1761 aka buɗe tur'ar da ke kai kwal Manchesta, farashin kwal a garin ya faɗi da kusan rabi. Kai ɗan kasuwa ka san ma'anar wannan, kuɗin dako in ya sauka komai ya sauka. Daga nan kowane gari ya ce sai an kawo masa tasa. Wadda ta haɗa Lids da Libaful an fara haƙa ta a 1770, ba a gama ba sai 1816, shekara 46 ke nan, tsawonta mil 127. Da ta iso Banli sai aka tarar garin a cikin kwari yake. Maimakon su gangara da ruwan su sake hawowa, sai suka tara ƙasa suka yi tudu mai tsawon kusan mil guda, tsayinsa a wani wurin ya kai ƙafa 60, suka ɗora tur'ar a kai. Har yau tana nan, mutum yana cikin jirgin ruwa yana leƙen rufin gidaje a ƙasa. A bakin wannan ruwa masaƙu suka jeru, kowace da dogon bututun hayaƙinta. Wajen 1910 injinan saƙa a Banli kaɗai sun kusa 100,000. Bolton kuma ta ƙware wajen kaɗa siririn zare, wanda sai da auduga mai dogon gashi irin ta Masar.

Rauninsu ɗaya ne, kuma babba. Mafi yawan audugarsu daga Amurka take zuwa, daga gonakin da bayi baƙar fata ke nomawa. Da yaƙin basasar Amurka ya tashi a 1861, auduga ta yanke. Masaƙu suka rufe, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa aiki, aka riƙa raba musu miya a layi har zuwa 1865. Masu masaƙu ba su manta da wannan yunwa ba. A 1902 suka kafa ƙungiya a Manchesta, BCGA, aikinta neman inda za a noma musu auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka.

Sun fara ɗora rai a kan ƙasar Hausa. Suka kafa injin gurza a Zariya, daga baya a Funtuwa da wasu garuruwa, kuma auduga tana cikin manyan dalilan da suka sa aka ja dogo har Kano a 1911. Amma manomin Kano ya yi lissafinsa. Masaƙan gida suna biyan auduga fiye da Bature, ita kuma gyaɗa ta fi kawo kuɗi, in ba a saya ba ma a ci. Sai jirgin da aka kawo don auduga ya koma dakon gyaɗa. Manomin da ke jiran ruwan sama, ba ka iya tilasta masa abin da zai shuka sai da wahala. Wanda kuwa ruwansa ke hannunka, kai ke da magana. Wannan shi ne abin da suka samu a Jazira.

Jazira fili ne tsakanin koguna biyu, Bahar Azrak ta gabas, Bahar Abyad ta yamma, har su haɗu a Hartum. Allah ya shimfiɗa shi kamar faifai, yana gangarawa arewa da kusan santimita 15 a kowane kilomita, gangaren da ido ba ya gani amma ruwa ya san shi. Ƙasar kuma baƙar laka ce mai tsagewa da rani, irin firkin Barno, in ta jiƙe sai ta kumbura ta toshe kanta. Saboda haka tur'a a nan ba ta bukatar siminti, kuma ruwa ba ya bukatar inji ya tura shi, da kansa yake tafiya.

Kafin su zuba kuɗi sai da suka gwada. Suka kafa famfo a bakin kogi a Tayyiba a 1911, sai Barakat a 1914, sai nan Hajj Abdalla a 1921, sai Wad an-Nau a 1924. Ka ji, garin nan namu yana cikin wurare huɗu da aka fara gwajin, shekara huɗu kafin ruwan madatsa ya iso. A 1913 masu masaƙun Lankasha suka matsa wa gwamnatinsu ta tsaya wa Sudan a kan bashin fam miliyan 3 don aikin. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da shi, bayan yaƙi aka ci gaba, a 1925 aka gama madatsar Sinnar a ƙauyen Makwar, tsawonta ya ɗan haura kilomita 3. Ruwa ya shiga babbar tur'a ya nufo arewa, ya bi ta yamma da mu, aka fara da faddan 300,000.

Aka raba riba kashi uku. Da farko gwamnati tana ɗaukar 35 cikin 100, kamfanin Turawa da mutane ke kira sharika 25, masu hawasha 40. Daga baya rabon ya koma 40 da 20 da 40. Hawasha ita ce gonar da aka yanka wa manomi, faddan 30 a farkon lamari, 10 daga ciki auduga ce dole. Mufattish, wato jami'in kamfani, shi ke faɗin ranar shuka da ranar ban ruwa. Masu asalin ƙasar ana biyan su haya girshi 10 kowane faddan a shekara, kuma su aka fara bai wa hawasha. In an cire auduga, ƙaramin jirgin ƙasa na Jazira ya kwashe ta zuwa gidajen gurza a Marinjan da Hasahisa, a ɗaure dila-dila, babban jirgi ya kai Bur Sudan, daga can ta Suwes sai Libaful.

To ina mutanenmu a cikin wannan lissafi? Ba su cikin kashi ukun nan, amma ba don su ba da audugar ta bushe a kan itacenta. Tun kafin Turawa alhazai daga ƙasar Hausa da Barno suna ratsa nan da ƙafa. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'a mai yawa. Wajen 1906 suka sauka a bakin Bahar Azrak kudu da Sinnar, garin da suka kafa shi ne Mai Wurno na yau. Da aikin madatsa ya tashi, an kawo leburori daga Sa'id ta Masar, Sudanawa sun yi, mutanenmu ma sun ɗauki ƙasa da dutse a ka. Da aka fara noma kuwa, mai hawasha ɗaya da iyalinsa ba za su iya noman ciyawa da cirar faddan 10 ba. Sai mahajjaci ya tsaya ya yi kaka ɗaya ko biyu don ya tara kuɗin jirgin Jidda. Wani ya wuce ya sauke farali ya dawo nan, wani ya yi aure, wani Allah ya ɗauki ransa bai ga Ka'aba ba, 'ya'yansa suka zauna. Kakana yana cikin waɗanda suka ce kaka ɗaya za su yi. Kabarinsa yana nan, tsakaninsa da tur'a bai fi jifa ba.

A farkon shekarun 1930 farashin auduga ya karye a duniya, cuta kuma ta kama shuka. Masu hawasha da dama suka watsar suka tafi. A lokacin an ba wasu daga cikin mutanenmu da mutanen yamma hawashar da aka bari, suka riƙe aikin har kasuwa ta farfaɗo. Da abubuwa suka gyaru sai ƙofar ta ƙara tsukewa, akasari suka ci gaba da zama a kambo, wato ƙauyen 'yan ƙwadago a gefen tur'a, inda ƙasar da ɗakinka ke kai ba taka ba ce a takarda. Wasu kambo sun haura shekara 80 a wuri ɗaya.

A 1950 wa'adin sharika ya ƙare, Hukumar Jazira ta karɓa, hedikwatarta a Barakat. Daga 1958 zuwa farkon shekarun 1960 aka ƙara yankin Manaƙil, a 1966 aka gama madatsar Rusayris, aikin ya haura faddan miliyan 2, masu hawasha sama da 100,000. Shekaru da yawa audugar nan ce ta fi komai kawo wa Sudan kuɗin waje.

Bari in bayyana yadda ruwan ke tafiya, don a nan ne maganar ƙofar da na gani a sikeli za ta fito. Babbar tur'a tana ba manyan rassa, rassa su ba ƙananan tur'o'i, waɗanda yawansu ya kai wajen 1,500, tsawonsu in an haɗa ya haura kilomita 8,000. Daga ƙaramar tur'a ruwa ya shiga abu ishirin, wadda ke shayar da jeri guda na faddan 90, daga ita ya shiga abu sitta, ita ce ke kai shi cikin hawasha. An tsara ƙananan tur'o'in nan su riƙa tara ruwa da dare a sha da rana. A kowace mahaɗa akwai ƙofa, kuma kowace ƙofa tana da ma'auni. In aka cire ƙofa ɗaya, na kusa da ita ruwa ya yi masa yawa har ya kwanta a gona ya kashe shuka, na can ƙarshen layi kuma ko ɗigo ba ya gani. Galibi wa ke zaune a ƙarshen layi? Talaka ne, da mutanen kambo, da kai makiyayi da ke zuwa shayarwa. Sannan ruwan Bahar Azrak na watan Yuli da Agusta yana zuwa da laka daga duwatsun Habasha. Duk shekara sai an kwashe ta, in an bar ta ciyawa ta tsiro a kai, tur'a ta cushe, sauro da dodon-koɗin tsargiya su sami gida.

Kai ma makiyayi aikin nan ya taɓa ka ta fuska biyu. Kafin tur'a, Jazira makiyaya ce da gonakin dawar damina. Tur'a ta cinye makiyaya da yawa, ta datse burtali, wannan gaskiya ne. Amma ta kawo ruwan sha a watannin da da sai an gangara kogi, ta kawo karan dawa da harawar lubiya, da ambaz na angurya da kuke saye a kasuwa. A tsarin da, in an gama cirar auduga ana sakin dabbobi su cinye ganye, sannan a tuge itacen a ƙone kafin ƙarshen watan Mayu don kada cuta ta kwana zuwa baɗi. Kowa ya san lokacinsa, shi ya sa rigima ba ta yi yawa ba.

Yanzu mu koma Lankasha mu ga yadda ta ƙare musu. Abin mamaki, lokacin da ruwa ya shiga tur'ar Jazira su sun riga sun fara gangara. Ganiyarsu ita ce gab da yaƙin 1914, suna saƙa fiye da yadi biliyan 7 a shekara. Bayan yaƙi Indiya, babbar kasuwarsu, ta ƙarfafa masaƙunta, Gandhi ya ce a daina sayen yadin Ingila, har ya je Lankasha da kansa a 1931 ya ga ma'aikatan da suka rasa aiki. Japan ta zo da yadi mai araha ta sha gabansu. A 1959 gwamnatinsu ta yi doka tana biyan masu masaƙu kuɗi su farfasa tsofaffin injuna. Ka ji, su ma sun yi zamanin hurda. A shekarun ƙarshe, da 'yan gari suka guji aikin dare, mutanen Pakistan da Bangladash aka ɗauka, jikokinsu suna nan a Banli da Oldam, kamar yadda muke nan. A 1998 aka kaɗa zaren ƙarshe a Oldam, garin da a da babu kamarsa a duniya wajen kaɗi. Tur'o'in kuma jirgin ƙasa da mota suka ƙwace musu dako, suka zama juji.

Abin da suka yi bayan nan shi nake so ku riƙe. Tur'ar Rochdel, da aka buɗe a 1804, an rufe ta a 1952, an cike wasu sassanta, har babbar hanyar mota aka ratsa ta kai. A 1974 mutanen gari suka kafa ƙungiya, suka fara da cire shara da hannunsu ranar hutu, suna bin hukuma suna naci. Sai 2002 jirgi ya sake bi daga farko har ƙarshe, shekara 50 bayan rufewa. A Banli, unguwar tsofaffin masaƙu ta bakin tur'a sun hana a share ta gaba ɗaya, ofishin da ake karɓar kuɗin wucewar jirgi ya zama ɗakin tarihi, 'yan sa-kai ke kula da shi. Masaƙar Queen Street, da ta yi aiki da tururi har 1982, ba a sayar da injinanta a kilo ba, an mayar da ita gidan tarihi, yaran makaranta suna zuwa su ga inda kakanninsu mata suka kurumce da ƙarar inji. Sun bi tsofaffin ma'aikata da rikoda sun naɗi muryarsu. Abu ɗaya ya kuɓuce musu: leburorin da suka haƙa tur'ar da shebur, akasarinsu ba a san sunansu ba, don babu wanda ya tambaya sai bayan sun mutu.

Duk wannan wahala fa sun yi ta ne a kan tur'ar da ba ta ciyar da kowa. Yau jiragen shan iska ke bi, da masu kamun kifi don nishaɗi. Tamu kuwa tuwo ke fitowa daga cikinta.

Mu ma an yi yunƙurin kada mu tsaya a sayar da ɗanyar auduga. A shekarun 1970, zamanin Numeiri, aka gina masana'antar kaɗi a nan Hajj Abdalla don ta ba ƙananan masaƙu zare a Kosti da Duwem da Shandi da Niyala da Kadugli, Sin kuma ta gina masaƙar Sadaƙa a Hasahisa. Samarinmu da yawa a nan suka fara karɓar albashin wata. Amma ƙarancin wutar lantarki da kayan gyara bai bar masana'antun sun yi aiki yadda aka tsara ba. 'Yan'uwanmu na Kaduna sun san irin wannan labari. Masaƙar farko ta Kakuri an buɗe ta a 1957 tare da wani kamfanin Lankasha, a 2002 ta yi shiru.

A 2005 aka yi sabuwar dokar Jazira, manomi ya sami 'yancin shuka abin da yake so, aka ɗora wa ƙungiyoyin manoma kula da ƙananan tur'o'i. A shekarun da suka biyo baya aka sallami ma'aikata da yawa, ƙaramin dogon Jazira da ya haura kilomita 1,000 aka kwance shi, ya tafi a hurda. Yaran yau ba su taɓa jin kukansa ba. Sai kuma yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023, ya iso Madani a Disamban shekarar, mutane suka watse, ofisoshi da rumbuna da injuna suka sha ɓarna. Yanzu jama'a suna komawa, kowa hannunsa babu komai, kuma ƙarfe yana da kuɗi. Na san yunwa ce ta kai yaron nan bakin ƙofar ruwa, ba mugunta ba.

To ga roƙona, kashi uku ne.

Na farko gare ku 'yan kasuwa da masu lori. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Yaro ba zai kwance ƙofa ba in ya san babu mai saye. Sana'ar hurda halal ce, ba mu ce a bari ba. Amma ƙofar ruwa, da bututun da ke kai ruwa abu ishirin, da ƙarfen gada, da sassan famfo, kamanninsu ba ya ɓoyuwa. In an kawo maka, ka ce ba ka saye, ka gaya wa sarkin kasuwa ko shugaban direbobi. Alhaji mai lori, ka leƙa kayan da aka loda maka kafin ka ɗaure tamfol. Ka tuna dawar da kake kaiwa Gallabat, da albasa da gyaɗa da alkamar da kake juyawa, ta bayan irin wannan ƙofa suka fito. Ribar kilo hamsin na ƙarfe ba ta kai asarar lodi goma na baɗi ba.

Na biyu gare ku makiyaya. Gaɓar tur'a ƙasa ce aka tara, ba dutse ba. Garke in ya riƙa gangarawa wuri ɗaya kullum, kofato yana sassaƙe ta, ranar da ruwa ya cika sai ta ɓalle, gonar wani ta nutse, magana ta tafi wurin hukuma, wani lokaci har a zub da jini. Ku nemi mashayar da aka sani, in babu ku zauna da shehun ƙauye da masu hawasha a ware wuri, a sassauta gangarensa, a zuba dutse ko buhunan ƙasa. Ku haye ta gada ko da akwai zagaye. Kada a fasa gaɓa da dare don a cika tafki. Ardo, Baffa, wannan magana taku ce, yara ba za su ji daga rediyo kamar yadda za su ji daga bakinku ba. Ku ma manoma, in kun toshe burtali da shuka, kun tura shanu kan gaɓa da hannunku. Kuma ranar gayyar yashe abu ishirin, ruga ta aiko da samari biyu. Wanda ya sa hannu a yasa, ba a hana shi mashaya cikin sauƙi.

Na uku gare ku matasa masu waya a hannu. A kowane kambo, a Mai Wurno, a unguwanninmu na Madani da Sinnar, akwai tsoho ko tsohuwa da ta yi cirar auduga tun zamanin sharika, ko ta ji daga bakin mahaifinta yadda aka ɗauki dutsen Makwar. Ku zauna da su, ku danna rikoda. Kaka, daga wane gari kuka taso? Wace shekara, zamanin wane sarki? Hawashar wa kuka fara yi wa aiki? Wa ya fara kafa kambon nan, ina aka binne shi? In akwai tsohon katin aiki, ko rasit, ko takardar haya a cikin adaka, ku ɗauki hotonta ku aika wa ɗan'uwa a wani gari, don mun ga yadda wuta ke cin takarda. Kada ku ce wannan aikin 'yan boko ne. Har yau akan tambaye mu, ku yaushe kuka zo? Waɗanda suka ga abin da ya faru a Rusayris da Damazin a 2022 sun san nauyin wannan tambaya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ta kowane ɓangare. Amsar da ta fi ƙarfi ita ce wadda ke da suna da shekara da wuri, a faɗe ta cikin natsuwa: kakana wane, ya zo shekara kaza, ga tur'ar da ya yi aiki a kai, ga kabarinsa. Maƙwabtanmu masu hawasha su ma tsofaffinsu sun san wannan tarihi, ku tambaye su, tare aka yi zufar.

Madatsar Sinnar ta cika shekara 100 a 2025. Waɗanda aka gina ta dominsu sun daina kaɗi tuntuni, amma ruwa bai fasa biyowa ta yamma da Hajj Abdalla ba, kuma yanzu namu ne da 'ya'yanmu da dabbobinmu.

Mai sikelin nan, na koma wurinsa bayan mako guda. Ƙofar ta riga ta tafi a lori. Amma ya ce mini an sake kawo masa wata, ya mayar da mai ita. Allah ya sa ya ɗore.

Duk wanda ya san tarihin kafuwar kambonsu ko mashayar rugarsu, ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba. Matafiya Allah ya kai ku lafiya, makiyaya Allah ya tsare dukiya. Sai wani makon in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.